Kwalta ta Kawo Baƙo, ta Tafi da Manomi: Waiwaye Kan Karkarar Bayan Jidda

Ga yawancin Hausawa, Jidda ƙofa ce da ake shiga a wuce. Nan jirgi yake sauka, nan ake buga hatimi a fasfo, daga nan a nufi Makka ko Madina, a dawowa kuma a tsaya Balad ko Bab Sharif a haɗa tsaraba. Aikin da garin yake yi ke nan tun da Halifa Usman ɗan Affan ya mai da shi mashigar ruwan Makka wajen shekara ta 26 bayan Hijira. Amma a bayan garin akwai ƙasa mai faɗi wadda ba kowane alhaji ya san da ita ba. Akwai filin Tihama mai zafi da ya bi gaɓar Bahar Maliya ya yi kudu, daga gabas kuma tsaunukan Sarawat suka miƙe tsaye, suka taso daga Ɗa'ifa suka ratsa Baha da Asir har cikin Yaman. Shekara sittin da suka wuce, mai lalura kaɗai ke hawa waɗannan tsaunuka. Yau kuwa da yammacin Alhamis za ka ga jerin gwanon motoci suna fita daga Jidda, iyalai da shimfiɗu da butar gahawa, suna gudun zafi da gumin bakin teku. Sauyin ya cancanci waiwaye saboda wani abin lura da ke cikinsa. Kwaltar da ta kai ɗan birni ƙauye don ya yi kallo, ita ce ta sauko da ɗan ƙauye birni, alhali abin da ake zuwa kallon aikin hannun ɗan ƙauyen ne. Muddin ba a gane haka ba, yawon buɗe ido da mota zai cinye abin da ya fito nema.

Kafin zuwan mota, ayarin raƙuma yakan yi dare biyu tsakanin Jidda da Makka, ya yada zango da rana a Bahra ko Hadda. Wanda zai wuce Ɗa'ifa sai ya ƙara kwanaki, ya bi Wadi Nu'uman har gindin dutsen Kara, inda hanya take komawa matattakalar duwatsu, a sauke wa raƙuma kaya a ɗora wa alfadarai da jakuna. Matafiyin nan ɗan ƙasar Siwizalan, Burckhardt, ya hau ta nan a 1814, ya kuma yaba gonaki da ruwan da ya tarar a saman dutsen fiye da duk inda ya gani a Hijaz. Kakanninmu ma sun san wannan ƙasa da tafin ƙafarsu. Masu tafiyar Hajji ta ƙasa, waɗanda suka ƙaru ainun bayan yaƙin Burmi na 1903, sukan ratsa Chadi da Sudan cikin shekaru, su ƙetare ruwa daga Sawakin ko Masawwa, wasunsu jirgin filafilai ya sauke su a Lis ko Ƙunfuza, su taka sauran hanyar zuwa Makka suna ƙwadago a inda suka samu. Irin wannan matafiyi ya san rijiyar da ke da ruwa da wadda ta ƙafe, ya san ƙabilar da ke da iko da kowane kwari, ya san ranar da kowace kasuwa take ci. Rayuwarsa tana hannun mutanen ƙauye, don haka dole ya gaishe su, ya tambaye su, ya saurari abin da suka ce. Ilimin ƙasa a lokacin sharaɗin isa da rai ne.

Kuɗin mai ne suka juya wannan lissafi. An sami fetur a Dammam a 1938. A 1947 aka rushe ganuwar Jidda, a shekarar kuma aka jawo mata ruwa daga Wadi Fatima, sai garin da mutanensa ba su wuce 'yan dubun goma-goma ba ya fara bazuwa, har ƙidayar 2022 ta same shi da mutum sama da miliyan 3.5. A 1965, zamanin Sarki Faisal, aka buɗe titin Hada da aka sassaƙa a jikin dutsen Kara. Daga baya kwalta ta bi doron tsaunuka zuwa Baha da Abha, aka huda duwatsu aka yi hanyoyin da ke sauka zuwa Tihama. Har ƙarshen 2015 litar fetur halala 45 ce, ba ta kai rabin riyal ba, saboda haka nisa ya daina zama abin tunani. Tafiyar da ta ci wa Burckhardt kwanaki yanzu awa biyu ce ko sama da haka kaɗan. Mota tana barin fili mai ƙuna ta fara kwana-kwana a jikin dutse, kunne ya toshe, direba ya kashe na'urar sanyi ya sauke gilashi, hazo ya rufe kwarin da aka baro a ƙasa, har a iso Ɗa'ifa mai tsayin kusan mita 1,900 daga teku. A watan Yunin 2018 aka bai wa mata izinin tuƙi, a Satumban 2019 aka fara ba da bizar yawon buɗe ido. Ƙasar da take a rufe ta koma wurin hutun ƙarshen mako.

To, me mai motar yake gani idan ya isa? Yakan ce ya ga kyawun halitta, kuma gaskiya ne Allah ne ya yi dutse ya aiko hadari. Amma koren da ke jikin tsaunin, mafi yawansa an gina shi ne. A dubi gonar gangare guda a ƙasar Gamid da Zahran. An jera duwatsu ba siminti ba laka, babba a ƙasa, ƙarami a sama, aka yi katanga da ta kai ƙirjin mutum ko ta fi, aka cika bayanta da ƙasa har ta zama fili mai faɗin 'yan taku. A gefe an bar wata 'yar kafa da ruwan sama zai bi idan ya cika wannan hawa, ya sauka na ƙasa da shi a hankali, daga nan ya sauka na gaba. Da haka ruwan da zai gangara ya kwashe ƙasa cikin minti kaɗan sai ya tsaya ya jiƙa alkama da sha'ir da dawa, ya shayar da rumman da inabi da ɓaure. Kowace shekara bayan ruwa sai an bi katangar an mayar da dutsen da ya zame. Ƙauyen Zi Ain kusa da Makhwa, wanda gidajensa na dutse suke zaune a kan farin tsaunin marmara, ba don kyan gani aka kafa shi a wurin ba. Akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa a gindinsa, sai aka hau da gidaje kan dutse aka bar ƙasa mai kyau ga ayaba da lemun tsami da kadi mai ƙamshi. Wannan hikima tsohuwa ce. Madatsar Saisad a gabashin Ɗa'ifa tana ɗauke da rubutun da ya nuna an gina ta domin Halifa Mu'awiya a shekara ta 58 bayan Hijira, magudanar Ain Zubaida kuma, wadda ta kai ruwa Arfa daga Wadi Nu'uman, har yanzu ana ganin ragowarta a gefen hanya.

Ko dajin da ba a shuka ba, doka ce ta tsare shi. Ƙabilun Sarawat suna da tsarin hurumi da suke kira hima, wato yankin da jama'a suka amince a killace. Wani hurumin ba a kiwo a cikinsa ko kaɗan, sai dai a yanki ciyawa da izini idan fari ya yi tsanani. Wani na ƙudan zuma ne, ba a shigar da dabba sai furanni sun gama. Wani na itatuwa ne, ba a sara sai don bukatar jama'a, kamar rufin masallaci. Wanda ya karya doka, dattawa ne ke yanke masa tara. Tsarin yana da tushe a Musulunci, domin Annabi (SAW) ya killace Naƙi'u saboda dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya killace Rabaza saboda dabbobin zakka. Masu binciken da suka zaga ƙasar sun ƙiyasta cewa a tsakiyar ƙarni na 20 akwai irin waɗannan hurumai kusan 3,000 a Saudiyya. Bayan da gwamnati ta buɗe filayen kiwo ga kowa a shekarun 1950, ga kuma babbar mota da ke iya kai garke da tankin ruwa duk inda ciyawa ta fito, ikon dattawa ya yi rauni, waɗanda suka rage suna aiki ba su da yawa. Inda itatuwan ar'ar suka yi duhu a yau har baƙi ke shimfiɗa darduma a ƙarƙashinsu, sau da yawa idan aka bincika za a tarar tsohon hurumi ne.

Titin da aka yi don a hau, an fi amfani da shi wajen sauka. Samarin Baha da Asir suka bi shi zuwa Jidda da Makka da Riyad da kamfanin mai na gabas, suka shiga soja da koyarwa da kasuwanci. A 1960 kimanin kashi 31 cikin ɗari na mutanen Saudiyya ne ke zaune a birane, yanzu sun haura kashi 80. Hatsin da jirgin ruwa ke saukewa a tashar Jidda ya fi wanda aka noma a gangare araha, don haka gyaran katanga ya zama wahalar da ba ta biya. Katanga kuwa idan ta ɓalle a hawa ɗaya, ruwa yakan taru ya ɓalle ta ƙasa da ita, aikin ƙarni da yawa ya zube cikin damina kaɗan. Kasuwannin mako da garuruwa irin su Khamis Mushait da Ahad Rufaida suka tashi a kansu sun sami kishiya a manyan kantuna. Har namun daji sauyin ya taɓa. Damisar da take rage yawan gwaggon biri ta kusa ƙarewa, sai a cibiyar kiwonta da ke Ɗa'ifa. Birran kuwa sun gano cewa mota tana zuwa da abinci. Suna zaune garke-garke a kan kandagarkin titin Hada, da mota ta rage gudu sai su yo kanta, wani ya haye saman buti yana leƙen leda. Yara suna murna, amma manomin da ya rage a ƙauye shi ne birran suke yi wa ɓarna a gona, abin da ya sa hukuma ta hana ba su abinci.

Mai hankali zai ce wannan kukan birni ne, na wanda bai taɓa ɗaukar tulu ya hau dutse ba. Maganarsa tana da nauyi, kuma bai kamata a wuce ta da sauri ba. Rayuwar tsaunin nan ta yi tsauri. Shekarar da ruwa bai zo ba yunwa ce, mace mai naƙuda ba ta da hanyar asibiti, hasumiyoyin dutsen da ake ɗaukar hoto a yau kuma an gina su ne saboda tsoron hari da kuma ajiyar hatsi. Mutanen Habala a Asir da tsanin igiya suke sauka zuwa gidajensu a jikin kwazazzabo, har gwamnati ta mayar da su wani matsuguni, daga baya aka sa motar igiya domin masu ziyara. Ba wanda yake da haƙƙin cewa su zauna a haka don baƙo ya ji daɗin kallo. Titi rahama ne, makaranta da asibiti ma haka. Sai dai tsaurin rayuwa daban, ilimin sarrafa ruwa da ƙasa daban, kuma ba dole ba ne a zubar da na biyun don a rabu da na farkon. Ƙasar da manyan biranenta suke shan ruwan teku da aka tace da tsada ba ta da dalilin raina dabarar da ke tsare ruwan sama a inda ya zuba. Mutanen Jidda sun ga abin da ruwan kwari yake yi idan ba abin da ya tare shi, a ambaliyar Nuwamban 2009 da ta ci rayuka sama da 120. Gwamnati da kanta ta dawo kan wannan hanya, domin ma'aikatar muhalli da ruwa da noma tana da shirin gyara gonakin gangare da tara ruwan sama a Ɗa'ifa da Baha da Asir da Jazan.

Wani kuma zai ce ai yawon buɗe idon ne ya ceto abin da ya rage. Ba don baƙi ba, wa zai gyara gidajen Zi Ain? Wannan ma da gaskiya a ciki, amma a lura da inda abin ya yi albarka. A Rijal Alma, mutanen ƙauyen ne da kansu suka tara kayan kakanninsu suka buɗe gidan tarihi a 1985, tun babu bizar yawon buɗe ido, matansu suka yi wa bango zanen nan mai launi da ake kira ƙatt, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2017. A Hada da Shafa kuma furen wardin Ɗa'ifa bai taɓa zama kayan tarihi ba. Daga Maris zuwa Afrilu ana tsinkarsa da asuba kafin rana ta ɗauke ƙamshin, a kai shi matatar a kwanduna, a auna, a zuba dubbai a tukunyar tagulla da ruwa, a rufe a hura wuta. Tururin ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi ya ɗiga a babbar kwalba, ɗan man da ya taso a sama a tsotse shi a hankali, da ƙyar a sami tola guda, kimanin giram 12. Baƙon da ya saya a nan ya biya mai tsinka da mai gona da mai wuta. Haka gahawar Khaulani ta tsaunukan Jazan, da zumar magarya ta Baha. A duk waɗannan, baƙo ya zo ya tarar da sana'a tana tafiya, kuɗinsa ya ƙara mata ƙarfi. Ƙauyen da aka gyara bangonsa aka sa fitila da mai yankan tikiti, ba mai kwana a ciki, ya tsira daga rushewa, wannan kuma alheri ne, amma ilimin da ya gina shi ba ya wucewa ga yaro ta hanyar tikiti. Da wannan ma'auni ya kamata a auna manyan ayyuka irin wanda aka sanar a 2023 na gina otal-otal a tsaunin Sauda mai tsayin kusan mita 3,000: bayan an gama, gonaki nawa ake nomawa a kewaye, kuma 'ya'yan wa ke cin moriya?

Duk da haka, mota ba abokiyar gaba ba ce, hasali ma ita ce ta fi kowane abin hawa dacewa da wannan ƙasa. Jirgin sama zai ɗauke ka daga Jidda ya ajiye ka Abha ba ka ga komai a tsakani ba. Jirgin ƙasan Haramaini da aka buɗe a 2018 sai a tasha yake tsayawa. Mota kaɗai ke da birki a hannun matafiyi, ita kaɗai za ta iya barin babban titi ta shiga kwari, ta jira ranar kasuwa, ta kwana inda dare ya yi. Matsalar ita ce yawancin masu ita suna tuƙa ta kamar jirgi, daga wurin hoto zuwa wurin hoto, da abincin da suka sayo a birni, su bar wa ƙauye leda da gawayi. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ware kwana uku tsakanin Ɗa'ifa da Baha, tazarar da ba ta wuce kilomita 220 ba, zai fi wanda ya kai Abha ya dawo cikin kwana biyu sanin ƙasar. Ya sauka ya yi sallama, ya yi salla a masallacin ƙauye, ya sayi rumman daga hannun wanda ya shuka, ya kwana a masaukin mutanen wurin, ya tambayi dattijo wa ke da alhakin rabon ruwa. Ya kuma ji maganarsu idan suka ce kada ya ajiye mota a cikin kwari ko da sama tana garau, domin ruwan da aka yi a kan tsauni yakan iso ba sallama. Ladabin da tsohon matafiyi ya yi bisa tilas, na yau zai iya yinsa bisa zaɓi.

Akwai tambayar da ta fi kusa da mu: ina ruwan Bahaushe da wannan, shi da ya tara kuɗi shekara da shekaru don ibada? Ba wanda zai ce a rage ɗawafi don a je kallon dutse. Amma Hausawan Jidda ba baƙin mako biyu kaɗai ba ne. Akwai zuriyar Takari da aka haifa a can, akwai ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwar Kano-Jidda, kuma tun 2019 mai bizar Umara yana iya fita daga Makka da Madina da Jidda ya zaga sauran ƙasar, abin da a da ba a yarda ba. Alƙur'ani ya yi ta maimaita kira a yi tafiya a bayan ƙasa a yi tunani kan waɗanda suka gabata. Wanda ya hau Kara cikin mota, ya ga tsayinsa da idonsa, zai sake fahimtar abin da tafiyar Annabi (SAW) zuwa Ɗa'ifa ta ƙunsa, da abin da inuwar gonar inabin da Addas ya same shi a ciki take nufi ga wanda aka jefa da duwatsu. Wanda ya tsaya filin Ukaz, inda aka farfaɗo da bikin kasuwar a 2007, zai gane yadda ciniki da waƙa da sulhu suke haɗuwa a wuri guda, abin da duk wanda ya san kasuwar Wudil ranar Juma'a ba zai yi masa wuyar ganewa ba. Sirar da aka karanta a zaure tana ƙara fitowa fili idan an ga ƙasarta.

Darasin kuma yana biyo mu gida. Muna da namu gonakin gangaren a tsaunukan Gwoza da Sukur, wadda UNESCO ta amince da ita a 1999, wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya. Muna da namu hurumin da burtalin, malaman Sakkwato irin su Abdullahi ɗan Fodiyo sun yi rubutu kan hukuncin ƙasa, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi dokar filayen kiwo a 1965. Mu ma kwalta ta kwashe samarinmu zuwa Kano da Abuja da Legas, rashin tsaro ya zo ya ƙarasa watsa ƙauyuka da dama, ga shi ba mu da kuɗin Saudiyya na dawowa daga baya mu gyara abin da ya zube. Saboda haka duk gwamnan da ke maganar buɗe Falgore ko Kwatarkwashi ko Kufena ga baƙi, ya fara da mutanen da ke zaune a gindin wurin: a tabbatar musu da gonarsu da makiyayarsu da tsaronsu, a bar musu ikon faɗa a ji kan dajin da suka tsare, sannan a yi titi da masauki. Idan manomi da makiyayi da mai zuma suna nan suna aiki, baƙo zai sami abin gani shekara hamsin masu zuwa. Idan sun tashi, ba adadin kwaltar da za ta maye gurbinsu.